Tambaya: yanar selulos ta bakteriya tana sakin diklofenak gaba ɗaya cikin minti 45

Ɗalibar Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum malamaina. Ina bincike na digiri na biyu a nan Katsina kan yanar selulos da bakteriya ke saƙawa a saman ruwa. Burina in mayar da ita abin mannawa a gwiwa ko kwankwaso, wanda zai riƙa sakin diklofenak, maganin ciwo da kumburi, kaɗan-kaɗan har awa 24.

Ga yadda na yi. Na samo uwar kombuca, wato yanar da ake tsima shayi da ita ya yi tsami, na kiwata ta a baƙin shayi da sukari gram 70 a lita, kwana 12 a kan bencin lab. Yanar ta yi kaurin milimita 2 ko ƙasa da haka, wata ma ta rabu falle-falle. Na wanke da ruwan famfo, na tafasa minti 30, na jiƙa ta kwana guda a ruwan diklofenak sodiyam kashi 1 cikin 100, sannan na shanya. Da ta bushe ta koma kamar ɓawon albasa, in aka lanƙwasa sai ta tsage. Yawan maganin da ta sha na gano shi ne ta hanyar auna abin da ya rage a ruwan jiƙon. Na jefa ta a bika mai bafar fosfet mililita 200, wato ruwan da ke riƙe ma'aunin tsami na pH a 7.4, ina ɗiba ina aunawa a na'urar UV, mai gano yawan magani ta hasken da yake sha, a nanomita 276.

Cikin minti 45 kusan komai ya fito. Kuma lissafin ƙarshe ya ba ni kashi 112 cikin 100, wato ta saki fiye da abin da na zuba mata. Ina kuskuren yake? Me zan haɗa mata ta riƙe maganin? Allah ya saka da alheri.

Malamin Ƙananan Halittu:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Zan ɗauki ɓangaren kiwo da wanki, in bar wa masu haɗa magani nasu.

Wannan 112 ɗin daga shayi ya fito. Kafeyin ɗin da ke cikin shayi yana shan haske a wajen 273, diklofenak kuma 276, na'urar UV ba za ta bambance su ba. Ƙari a kan haka, gawar bakteriya da yis da suka maƙale tsakanin zaruruwa suna ɗauke da furotin mai shan haske a 280 da sinadarin gado, wato DNA, mai sha a 260. Tafasa a ruwa zalla ba ya fitar da su. Sai kuskuren ya cije ki ta gefe biyu: dattin da ya zuba a ruwan jiƙo ya sa kika ga kamar magani da yawa ya rage, wato yanar ta sha kaɗan, wanda ya zuba a bika kuma ya sa kika ga kamar ta saki da yawa. A lissafin rabawa an rage na ƙasa, an kumbura na sama, dole amsa ta haura ɗari.

Kombuca taron dangi ce, bakteriya iri-iri da yis, kuma yanar wannan mako ba za ta zo daidai da ta wancan ba. Aikin magani yana son iri guda tsantsa. Wanda aka fi sani shi ne Komagataeibacter xylinus, wanda A. J. Brown ya bayyana a 1886 da sunan da daga baya ya zama Acetobacter xylinum, shi ya sa za ki ga sunaye daban-daban a takardu alhali ƙwaya ɗaya ake nufi. Ana sayensa a rumbunan iri kamar ATCC na Amurka ko DSMZ na Jamus. In kuɗi bai kai ba, ki ware shi daga kombucar taki: ki shafa a faranti mai agar da gulukos da tsamen yis da alli, wato kalsiyam kabonet, ki sa saikuloheksimaid don ya hana yis tashi. Ɗigon da ya narkar da allin kewayensa ya bar fili garau, mai yin asid ne. Ki ɗauki irin waɗannan ɗaya-ɗaya ki sa a bututun gwaji, wanda ya yi yana a sama shi kike nema. Sunansa kuwa sai gwajin 16S, na sinadarin gadon bakteriya, ya tabbatar.

Ruwan kiwon da kowa ke kwatanta aikinsa da shi na Hestrin da Schramm ne, na 1954. A lita guda: gulukos gram 20, fefton gram 5, tsamen yis gram 5, daisodiyam haidurojin fosfet gram 2.7, sitirik asid gram 1.15, a daidaita pH a 6.0. Ki dafa gulukos daban a tukunyar tururi, digiri 121 minti 15, ki haɗa bayan sun huce. In kika dafa su tare, sukari da fefton za su yi ja kamar madi, launin kuma ya kama yanar. Ki fara da ɗan iri na kwana 3, ki girgiza shi da ƙarfi don ƙwayoyin su fito daga cikin yanar da suka ɓuya, ki zuba kashi 10 cikin 100 a babban ruwan.

Ƙwayar nan mai son iska ce, a fuskar ruwa kaɗai take saƙa. Saboda haka faɗin tire ya fi zurfinsa muhimmanci. Zurfin santimita 1 zuwa 2 ya isa, a rufe da abin da iska ke ratsawa amma ƙura ba ta shiga. Falle-fallen da kika gani alamar an taɓa tiren ne. Da zarar an motsa, yanar ta nutse, sai ƙwayoyin su fara sabuwa a samanta, biyun kuma ba sa haɗewa. A ajiye inda ba a buga benci, kwana 7 zuwa 14, kada a ɗaga ko don leƙawa. Kuma kada ki ce za ki sa a injin girgiza don ta yi sauri. Abin da za ki samu dunƙule-dunƙule ne, kuma girgiza tana ba wa ƙwayoyin da suka daina yin selulos dama su rinjayi masu yi.

Wani abin da ke sa yana ta tsaya siririya shi ne tsami. Ƙwayar tana juya wani kaso na gulukos zuwa gulukonik asid, pH ya gangara ƙasa da 4, saƙa ta ja baya. Ki auna pH ranar farko da ranar kwashewa. In ya faɗi sosai, ki gwada gilisarin ko manitol a madadin gulukos, ko ki ƙara etanol kashi 1 cikin 100. Zafin da take so digiri 28 zuwa 30 ne, bencin lab a Katsina kuwa cikin Afirilu ya wuce nan nesa.

Wanki: sodiyam haiduroksaid, wato soda, gram 4 zuwa 20 a lita, digiri 80, awa 1 zuwa 2, a canza a sake har yanar ta yi fari tana ɗan nuna haske kamar tsokar ɗanyar kwakwa. A yi a gilashi ko bakin ƙarfe, domin soda tana cin tukunyar alminiyam, kuma a sa tabarau da safar hannu. Kada ƙarfin sodar ya kai kashi 10 cikin 100 zuwa sama, a nan tsarin zaren kansa ke sauyawa, yanar ta ƙanƙance. Sai ɗauraya da ruwan distil, ana canzawa, har pH ya dawo 7. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ki sa shi a na'urar UV ki duba daga 250 zuwa 300. In layin bai kwanta ba, wanki bai ƙare ba.

Mai Haɗa Magani, Daura:

Malam ya gama da 112. Saura minti 45, kuma a nan ina so ki natsu, Malama, domin ko kin wanke yanar ta yi fari fat, sakamakon bika ba zai canza sosai ba.

Jiƙaƙƙiyar yanar selulos kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ce. Sauran kashi ɗayan zaruruwa ne masu faɗin nanomita 20 zuwa 100, an saƙa su sako-sako, ramukan da ke tsakaninsu sun ninka ƙwayar diklofenak sau goma-goma har ɗari. Ƙwayar maganin ba ta fi nanomita guda ba. Kamar ki ce Ƙofar Ƙaura ta tare akuya ne. Selulos kuma ba shi da caji a jikinsa da zai kama maganin. To abin da ya rage shi ne tafiyar magani cikin ruwa, wannan kuwa ana lissafa ta. Ƙaramar ƙwaya tana yaɗuwa a ruwa da saurin da ya kai wajen 0.000005 santimita murabba'i a daƙiƙa. Lokacin fita kusan nisan tafiya ne sau kansa, a raba da wannan adadi. Yanarki milimita 2, kin jefa ta a bika tana saki ta fuska biyu, nisan tafiya santimita 0.1. Sau kansa 0.01, a raba, daƙiƙa 2,000, minti 33. Kin ga minti 45 ɗinki bai saɓa wa komai ba. In kika toshe fuska ɗaya nisan ya ninka, lokaci ya ninka huɗu, awa biyu da 'yan mintoci. In kauri kaɗai za ki dogara da shi ki kai awa 24, sai yanar ta haura milimita 6, wa zai manna wannan a gwiwa ya sa wando?

Amma ga tambayar da ta fi wannan: bika ita ce gwiwa? Abin da kike so ki yi a kan lafiyayyar fata zai zauna, kuma a can mai tsaron ƙofa shi ne busasshen saman fata, mai kaurin maikuromita 10 zuwa 20. Shi ke ƙayyade nawa zai shiga jiki a awa. Yanar aikinta ta zama rumbu, ta manne da fata, ta riƙe danshi, ta ajiye magani a bakin ƙofa. Masu bincike na Jami'ar Aveiro a Fotugal sun gwada wannan da lidoken, maganin kashe zafi, da ibufurofen a kan fatar mutum. Lidoken ya ratsa a hankali fiye da yadda yake yi daga man shafawa, ibufurofen kuma ya fi sauri. Yana iri ɗaya, sakamako biyu, saboda halin maganin da halin fata su ke magana. Gwajin bika yana gaya miki ko yanar za ta saki abin da ta sha. Nawa zai shiga jiki a awa 24, wannan sai tulun Franz.

Tulun Franz gilashi ne hawa biyu. Na ƙasa yana cin mililita 5 zuwa 12 na bafa, da ɗan maganaɗisu yana juyawa. A shimfiɗa fata a bakinsa, a ɗora yanki na yanar a sama, a danne da maɗauri. Zafin saman fata ya zama digiri 32, shi ne na fatar mutum, ba 37 ba. Abin da ya fi ɓata wannan gwaji kumfar iska ce da ke maƙalewa ƙarƙashin fatar, ta yanke hulɗa da ruwa, sai layinki ya kwanta ki ɗauka yanar ta yi abin kirki. Ki karkata tulun bayan kowace ɗiba ki kore ta ta bututun gefe. Ki ɗiba a minti 30, awa 1, 2, 4, 6, 8, 12 da 24, ki mayar da sabuwar bafa mai ɗumi daidai abin da kika ɗiba. A lissafi kada ki manta da maganin da kika kwashe a ɗibar baya: abin da ya ratsa zuwa yanzu shi ne ƙarfin ruwan yanzu sau girman tulu, a tara da duk abin da ya tafi a ɗibe-ɗiben da suka gabata. Ɗalibai da yawa suna tsallake wannan, sai layi ya riƙa saukowa a ƙarshe kamar magani yana komawa. Ki toshe bakin bututun kuma, iskarmu busasshiya ce, ruwa yana ƙafewa, abin da ya rage ya ƙara ƙarfi.

Yanzu hanyar ɗura magani. Jiƙawa a auna ragowa hanya ce mai yawan ɓata lissafi. Ga wadda ta fi. Ki yanka faifai mai faɗin santimita 7, filinsa santimita murabba'i 38.5, nauyinsa a jiƙe wajen gram 8 in kaurin milimita 2 ne. Ki sa shi tsakanin takardun tacewa ki danna a hankali har ya zubar da gram 4 na ruwa, sikeli ne zai gaya miki. Ki ɗiga masa mililita 4 na ruwan diklofenak kashi 1 cikin 100 a cikin faranti rufaffe, ki bari ya shanye tas. Miligiram 40 ke nan, kusan miligiram 1 a kowane santimita murabba'i, kuma kin san adadin tun kafin ki kunna na'ura. Ki ɗauraye farantin ki auna abin da ya maƙale ki cire. Don tabbatarwa, ki yanki wurare uku, tsakiya da gefe biyu, ki jiƙa kowanne a bafa har ya saki duka, ki ga ko rabon ya yi daidai. Sau da yawa gefe ya fi tsakiya, domin can ruwa ke fara bushewa yana jan magani.

Ɓawon albasan da kika samu kuwa, in ruwa ya fita zaruruwan suna mannewa da juna, ramuka su rufe, kuma ko an sake jiƙawa ba ta komawa yadda take. Ki sa gilisarin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 a ruwan maganin, ki busar a digiri 40 cikin oben mai fanka, a kan abin da ba ya kamawa. Za ta fito da laushi, tana lanƙwasuwa, tana sake shan ruwa. Ki duba samanta da gilashin ƙara girma. In kin ga farin gari, magani ne ya fito ya daskare a waje, kuma shi ke fara narkewa a minti biyar na farko. A rage yawan maganin ko a sassauta busarwa.

Layin ma'auninki, wanda za ki riƙa juya karatun na'urar UV zuwa yawan magani da shi, ki yi shi daga maikurogiram 5 zuwa 30 a mililita, a cikin bafar da za ki yi aiki da ita. Kowane gwaji ya tafi da abokinsa, wato yana mara magani da aka yi wa duk abin da aka yi wa mai magani. In za ki gwada lissafin Korsmeyer da Peppas, mai fitar da wata lamba n da ke nuna ta wace hanya magani ke fita, kashi 60 na farko na sakin kaɗai ake sawa. A shimfiɗaɗɗen abu irin naki, in n ta fito 0.5 yaɗuwa ce zalla, tsakanin 0.5 da 1 kuma kumbura ko sassautawar abin da kika haɗa ta shigo ciki. Da ɗigo uku ba a yin wannan lissafi, don haka a gwajin bika ki ɗiba a minti 2, 5, 10, 15, 20, 30.

Abu ɗaya da ba na so ya wuce: diklofenak ba a sa shi a buɗaɗɗen ciwo ko ƙuna. Yawancin abin da za ki karanta kan wannan yana na rufe ciwo ne, tun daga Biofill na Barazil zuwa Suprasorb X mai ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta PHMB. A can babu fata mai tsaro, sakin farko mai yawa ma ana sonsa don ya kashe ƙwayoyin cuta. Kada ki ɗauko hujjarsu ki ɗora wa naki aikin.

Ɗalibar Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na duba ruwan ɗaurayar tsohuwar yanar a na'ura yau da safe, ga tudu nan a wajen 273 kamar yadda Malam ya faɗa. Saura biyu. Ba mu da tulun Franz, kuma takardun da na gani fatar kunnen alade suke amfani da ita, wadda ba zan samu a nan ba, ba na kuma son taɓawa. Sannan mai duba aikina yana so lallai in nuna an rage saurin sakin daga yanar kanta. Ina da kaitosan da sodiyam aljinet a sito, sinadaran da ake haɗawa don su riƙe magani.

Baban Lab:

Ɗiyata, rashin tulun Franz ba ya tsayar da aiki. Ki samu bututun gilashi mai buɗaɗɗen baki biyu, faɗin santimita 2 ko kusa, ki auna faɗin cikinsa da kyau don lissafin fili. Ki ɗaure fatar a baki ɗaya da zare mai ƙarfi, saman fata yana kallon cikin bututu, ki sa yanar a ciki ta kwanta a kanta. Ki rataye shi da maƙalin ƙarfe yadda fatar za ta taɓa saman bafa mililita 50 a bika, bikar kuma a cikin bahon ruwan ɗumi. Ki rufe da ledar lab. Kafin ki sa magani ki zuba ruwa mai launi ki gani ko yana yoyo ta gefen ɗaurin. Ki rubuta a aikinki cewa abin da kika yi amfani da shi ke nan, da awonsa.

Fata kuma, ki je mayanka da sassafe ki karɓi kunnen akuya ko na saniya kafin a babbake ko a zuba masa ruwan zafi, domin wuta tana lalata saman da ake buƙata. A rage gashin da almakashi ko injin aski, ban da reza da man cire gashi. A ɗaye fatar daga guringuntsi, a kankare kitse, a ɗaga ta ga haske, duk mai huji a yar. A naɗe a takardar alminiyam a sa a firiza, kuma wadda ta narke sau ɗaya ba a mayar da ita. Fatar dabba mai gashi ta fi ta mutum saurin ratsuwa, ta ɓera ma haka, don haka lambobinki na kwatanta samfuri da samfuri ne kawai. In akwai hali, akwai fatar roba ta gwaji mai suna Strat-M, tana zuwa a faifai na milimita 25 da 47. Fatar dabba tana zubar da furotin a bafa, shi ma yana shan haske kusa da 276, sai ki haɗa tulu ɗaya mai fata ba magani, ko ki kai samfuri inda ake da HPLC, na'urar da ke raba sinadarai kafin ta auna.

Maganar zafi da Malam ya taɓo: in babu inkubeta mai sanyaya, tukunya cikin tukunya tana aiki, irin wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya. Jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu, tire a ciki, ma'aunin zafi a gefe ana rubutawa safe da rana da dare. Da bazara da iska ke bushe tana saukar da zafi sosai, da damina ba ta yi. Lokacin hunturu kuma matsalar ta juya, dare yana sanyi ƙwayar ta yi barci, ga ƙura mai kawo fumfuna. Tiren da ya yi kore ko baƙi a sama a dafa shi a zubar, ba a ceto.

Na rage sauri, ki narka kaitosan kashi 1 cikin 100 a asetik asid kashi 1, ki zuba maganin a ciki, ki jiƙa yanar awa 24. Kaitosan yana da caji mai jan diklofenak.

Mai Haɗa Magani, Daura:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa na bututu da fata haka yake. Wurin kaitosan ne kawai zan ɗan gyara jerin. Ruwan kaitosan a asetik asid pH ɗinsa wajen 4 ne, diklofenak kuma daidai nan yake barin gishirinsa ya koma asid mara narkewa. Tana zubawa za ta ga ruwan ya yi fari kamar an ɗiga nono, maganin ya zauna a saman yanar bai shiga ba. Sai dai a raba aikin: kaitosan tukuna, a matse rabin ruwan yanar don ya samu wurin shiga, a tsoma a soda gram 4 a lita ya daskare a cikin ramuka, a ɗauraye har pH 7, sannan a ɗura magani.

Ki kuma sani, Malama, cajin kaitosan yana raguwa sosai in pH ya haura 6.5. A bafar 7.4 riƙonsa zai yi rauni, alhali saman fata yana wajen pH 5, inda zai fi kamawa. Ki yi gwajin bika a duka biyun, 5.5 da 7.4, ki tabbatar ruwan ya isa ya narkar da aƙalla ninki uku na maganin da ke cikin yanar, domin a 5.5 narkewar diklofenak ta ragu ƙwarai, kada ƙarancin narkewa ya yi miki kama da riƙo.

Aljinet ya fi sauƙi. Ki narka kashi 2 cikin 100 tare da maganin, ki ɗura, ki tsoma a kalsiyam kulorayid kashi 2 na minti 10 zuwa 15. Ki ajiye ruwan tsomawar ki auna, wani magani yana tserewa can. Fosfet tana ƙwace kalsiyam daga aljinet, don haka a bafar fosfet zai kumbura ya narke da wuri fiye da yadda zai yi a jiki.

Waɗannan biyun za su ja lokacin zuwa 'yan awoyi. In ana son ya doshi yini, sai an sa shinge. A rufe bayan yanar da leda mai mannewa irin Tegaderm, fuskar da za ta taɓa fata kuma a shafa mata siririn etil selulos da aka narka a etanol, kashi 2 zuwa 5, a bari ya bushe. Kaurin wannan shafi shi ne linzaminki: shafa ɗaya, biyu, uku, kowanne da layinsa. Da yana zalla, da mai kaitosan, da mai aljinet, da masu shinge, kowanne sau uku aƙalla, kin samu abin kwatantawa da zai gamsar da mai duba aikin.

Malamin Ƙananan Halittu:

Ƙari ɗaya, ƙanwata, tunda abin jikin mutum za shi. Ƙwayar nan ba ta sa cuta, amma tana cikin dangin giram-negatif, ɓawonta yana ɗauke da endotoksin, gubar da ke sa zazzaɓi in ta shiga jini, kuma tukunyar tururi tana kashe ƙwaya ne ba ta lalata shi. Wankin soda mai kyau da ɗauraya da ruwa mai tsabta su ke rage shi, gwajin endotoksin da ake kira LAL ke nuna ko ya ragu. Iyakar da hukumar FDA ta Amurka ta sa wa yawancin kayan asibiti ita ce EU 20, wato awon endotoksin 20, a kowane abu guda. A lafiyayyar fata haɗarin kaɗan ne, amma ranar da wani ya ce a gwada a ciwo, wannan lamba za a fara tambaya. Jikin mutum kuma ba shi da sinadarin narkar da selulos, abin da aka dasa a ciki yana nan zaune sai an ciro, sai fa in an sauya shi da sinadari irin fariyodet.

Ki dafa yanar a tukunyar tururi tana cikin ruwan distil kafin ɗura magani, tana jure 121 ba ta lalacewa. Ruwan maganin ki tace shi da matata mai ramin maikuromita 0.22, ki haɗa su a teburin iska mai tsabta. Kada a manna wa kowa, ko ke kanki, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, sayarwa kuma sai da rajistar NAFDAC. In kin kwashe tiren farko na ruwan Hestrin da Schramm, ki kawo mana kaurin yanar, nauyinta a jiƙe da a bushe, da pH na ranar kwashewa.